Ƙoƙon Bara da Gidan da Aka Baro: Tsokaci a kan Nazarce-nazarcen Almajirci

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zaman rubuta kundin kammala digiri a fannin walwalar jama'a ya san babi na biyu, wato babin bitar ayyukan da suka gabata. A nan ne ake so ɗalibi ya nuna ya karanta abin da magabata suka rubuta a kan matsalar da ya zaɓa, ya auna shi, sannan ya fito da giɓin da aka bari. A aikace kuwa, da yawanmu jerawa kawai muke yi: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, sai mu tsallaka babi na uku. Ni ma niyyata ke nan lokacin da na zaɓi almajirci. Abin da ya taka mini burki wata gajeriyar tambaya ce da malamin da ke duba aikina ya yi mini. Ya ce, almajirin gidanku daga wane gari yake? Yaron ya shekara huɗu yana yi mana wanke-wanke da ɗiban ruwa, na san sunansa da muryarsa, amma ban san garinsu ba, ban kuma san ko mahaifiyarsa tana gidan mahaifinsa ba. Da na koma kan tulin maƙalu da kundayen da na tara, sai na tarar yawancinsu jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Wannan maƙala tsokaci ce a kan waɗannan rubuce-rubuce. Hujjarta guda ce: mafi yawan binciken da aka yi a kan almajirci ya faro ne daga bakin titi, inda ake ganin yaro da robar bara, ya kuma tsaya a nan. Gidan da yaron ya baro, wanda shi ne ya yanke shawarar tura shi, bai samu rabonsa na nazari ba. Wannan giɓi ya wuce batun ɗakin karatu, domin da waɗannan rubuce-rubuce ne hukumomi suke kafa hujja idan za su gina makaranta, ko su hana bara, ko su loda yara a mota su mayar da su jihohinsu.

Wane ne Almajiri, kuma Su Nawa ne?

Da wuya mai karatu ya buɗe maƙala a kan wannan batu bai tarar ta fara da asalin kalmar ba, cewa daga Larabci take, daga kalmar da ke nufin wanda ya yi hijira. Bayanin daidai ne, sai dai asalin kalma ba ya faɗa mana wa za a ƙirga. A bakin Bahaushe, almajiri yana iya zama yaro ɗan shekara bakwai da aka kawo daga ƙauye, ko gardi mai gemu da ke ɗinkin hula yana tilawa, ko dattijon da ke ɗaukar karatun littattafai a zaure, ko ma makahon da ke bara a bakin masallaci. Ita kanta tsangaya tana da matakanta: kolo, titibiri, gardi, har zuwa alaramma da gwani. Ƙananan ne suka fi yin bara, manyan sun fi dogara da sana'a da aikin ƙarfi. Nazarin da ya zuba waɗannan duka a kwando ɗaya ya riga ya ɓata lissafinsa tun kafin ya fara.

Lissafin kuwa shi ne ya fi ban mamaki. Adadi biyu ne suka fi yawo a maƙalu: miliyan 7, wanda ake dangantawa da majalisar kula da gajiyayyu ta ƙasa a 2005, da miliyan 9.5, wanda ya fito daga ɓangaren gwamnatin tarayya a 2010. Marubuci yana ɗauko adadin daga wanda ya gabace shi, shi ma ya ɗauko daga wani, har adadin ya zama kamar karin magana, kowa ya san shi, babu mai tambayar yadda aka same shi. Amma a gefe guda, Hannah Hoechner ta kawo kiyasin hukumomin ilimi na Jihar Kano da ke nuna almajiran jihar sun kai kimanin 300,000. Idan aka raba miliyan 9.5 ga jihohin Arewa 19 daidai wa daida, kowace za ta tashi da rabin miliyan. Ke nan Kano, wadda kowa ya san ita ce babbar matattarar almajirai, ba ta ma kai matsakaicin rabo ba. Ba za a iya daidaita waɗannan alƙaluma ba sai idan abin da ake ƙirgawa ya bambanta, wato wani yana ƙirga yaran da suke zaune a hannun malami nesa da iyayensu, wani kuma yana haɗawa har da masu zuwa makarantar allo da safe su koma gida su kwana.

Wani zai ce, ko miliyan ɗaya ne ai sun yi yawa. Haka ne. Sai dai jami'in walwalar jama'a da aka ba kasafin kuɗi yana bukatar sanin yara nawa ne ke kwana babu rufi, nawa ne ke ƙasa da shekara goma, nawa ne suka shekara ba su ga iyayensu ba. Babban adadi yana girgiza mai karatu, yana kuma sa mai mulki ya ɗaga hannu ya ce abin ya fi ƙarfinsa.

Labarin Zamanin da Ya Wuce

Abu na biyu da ake yawan maimaitawa shi ne tarihi. Ga yadda ake ba da shi: kafin zuwan Turawa, tsangaya tana ƙarƙashin kulawar sarakuna, ana ciyar da malamai da ɗalibai daga zakka da baitulmali, babu mai bara, da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sai suka yanke wannan tallafi, suka fifita boko, daga nan bara ta samo asali. Laccar da Farfesa Idris Abdulƙadir ya gabatar a bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Bayero a 2003 tana cikin ayyukan da aka fi kafa hujja da su a kan wannan.

Akwai gaskiya mai nauyi a cikin labarin. Mulkin mallaka ya mayar da mai ilimin Larabci da ajami saniyar ware a wajen aikin gwamnati, ya sa takardar shaidar boko ta zama mabuɗin albashi. Wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, tun daga Fatiha har Nasi, ana iya sa shi a layin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba a takardun hukuma, kuma wannan rauni bai warke ba har yau. Amma labarin ya yi santsi da yawa. Masanin tarihi John Iliffe, a littafinsa na 1987 a kan tarihin talauci a Afirka, ya nuna bara tsohuwar aba ce mai tsari a biranen ƙasar Hausa, kuma sarautu irin su Sarkin Makafi shaida ne a kan haka. Ita ma tafiyar malami da ɗalibansa bayan an gama girbi, su ci rani a wani gari su dawo da faɗuwar damina, ta dogara ne da sadakar magidanta da abincin da matan gida ke zuba wa yara, fiye da taskar sarki.

Illar wannan labari ga mai bincike ita ce yana sallamar sa da wuri. Idan laifin duka na 1903 ne, to babu bukatar a tambayi abin da farin shekarun 1970 da na 1980 ya yi wa manomi, ko abin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya yi wa makarantun gwamnati, ko dalilin da ya sa shirin ilimin firamare kyauta na 1976 bai kafu a karkara yadda aka yi fata ba. Shekara ɗari da ashirin sun isa a ce mu ma muna da hannu.

Almajiri a Matsayin Abin Tsoro

A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, inda alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 sun rasa rayukansu. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu. Tun daga wannan lokaci sunan almajiri ya haɗu da tarzoma a rubuce-rubucen masana.

Aikin da ya fi zurfi a kan wannan zango shi ne maƙalar Paul Lubeck ta 1985 a mujallar Africa. Lubeck bai tsaya ga zargin aƙida ba. Ya bi diddigin yadda arzikin man fetur na shekarun 1970 ya sauya birnin Kano a kan gardawa: tsadar rayuwa ta ƙaru, kayan masana'anta sun ture ƙananan sana'o'in da suke ci da su, sababbin masu kuɗi kuma suka daina kallon su da idon da iyayensu suka kalle su. A wurinsa, tsohuwar yarjejeniyar da ke tsakanin mai gida da baƙon da ya zo neman ilimi ce ta warware. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, ya kawo dalili da za a iya gwadawa.

Waɗanda suka biyo baya da yawa sun ɗauki sakamakon suka bar dalilin. A 2003 Niyi Awofeso da abokan aikinsa biyu suka wallafa maƙalar da ta danganta gadon almajirci da barazanar ta'addanci a Arewacin Nijeriya. Bayan 2009, da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, sai irin wannan rubutu ya yi ambaliya. Tsarin hujjar kusan iri ɗaya ne: almajirai matalauta ne, ba su da boko, suna yi wa malami biyayya, saboda haka su ne rumbun da 'yan ta'adda ke ɗiba. Kowace gaɓa tana da kama da gaskiya, amma "saboda haka" ɗin zato ne. Kaɗan ne daga cikin marubutan suka zauna da wanda ya taɓa shiga ƙungiyar suka tambaye shi inda ya yi karatu.

Da aka yi hakan, amsar ta zo da sarƙaƙiya. A 2016 ƙungiyar Mercy Corps ta fitar da rahoton hirar da ta yi da tsofaffin 'yan ƙungiyar 47. Ba ta samu wani siffa guda da ya haɗa su ba: akwai masu karatun allo, akwai masu boko, akwai masu sana'a. Abubuwan da suka fi fitowa su ne tasirin abokai da dangi, da rancen jari da ƙungiyar ke ba matasa masu ƙananan sana'o'i, da kuma tilastawa. Wannan bai wanke kowane almajiri ba, kuma mutum 47 ba su isa a yanke hukunci a kan kowa ba. Amma ya isa ya nuna cewa zargin da aka yi ta jerawa a maƙalu an gina shi ne a kan shaida maras kauri.

Irin wannan gaggawa ta sake bayyana a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Abin da aka gani a can zalunci ne tsagwaronsa. Sai dai gidan mari, inda iyaye ke kai kangararru da masu shaye-shaye, daban yake da tsangayar da ake kai yaro karatu, ko da yake akwai inda suke haɗuwa. Rubuce-rubuce da dama sun haɗe su, kuma haɗewar ta cuci ɓangarorin biyu: an shafa wa malamin tsangaya kashin kaji, an kuma kauce wa tambayar da ta dace, wato ina iyali talaka zai kai ɗansa mai shaye-shaye ko taɓin hankali in ba can ba.

Waƙa a Bakin Mai Ita

Sauyi mai ma'ana ya zo ne da aikin Hannah Hoechner, Bajamushiyar da ta yi bincike a cikin birnin Kano da kuma Albasu tsakanin 2009 da 2011, ta kuma wallafa littafinta a 2018 a maɗaba'ar Jami'ar Kambirij. Ta koyi Hausa, ta zauna kusa da makarantun, ta saurari yaran. Tare da almajirai tara aka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi a 2011, inda su da kansu suka tsara labarin suka kuma fito a ciki.

Abin da ta samo ya sauya fuskar tambayar. Ta nuna almajirai da yawa 'yan aikin gida ne a gidajen masu hali, suna wanki da shara da aike a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci a kan ragowar abinci kawai. Ta nuna abin da ya fi yi musu ciwo sau da yawa wulaƙanci ne: a ba su abincin da ya lalace, a kira su da sunan da ba nasu ba, a kore su kamar kaji. Ta kuma nuna yadda suke riƙe mutuncinsu ta hanyar ɗaukar wahala a matsayin horo da neman ilimi don Allah. Mai karatu ɗan birni irina ba ya fita daga littafin da hannu mai tsabta, domin ya gane cewa gidajenmu suna cin moriyar tsarin da muke zagi a takarda.

A nan aikin nata ya haɗu da na Rudolph Ware, wanda littafinsa na 2014 a kan makarantun Alƙur'ani na yankin Senigal ya bayyana cewa a wannan tsari, ilimi abu ne da ake so ya zauna a jikin ɗalibi da halinsa, shi ya sa haddar da horon suke tafiya tare. Wanda bai fahimci wannan ba zai ɗauka uban da ya tura ɗansa gabas bai san abin da yake yi ba.

Duk da haka, wannan ɓangare ma yana da iyakarsa, kuma adalci ne a faɗa. Na farko, zurfinsa ya zo ne da ƙarancin faɗi: makarantu kaɗan ne a jiha guda. Na biyu, an yi binciken kafin ta'addancin 'yan bindiga ya tarwatsa ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato. Yaron da aka tura karatu daga gida mai rumbu daban yake da wanda aka tura domin an ƙone rumbun. Na uku, yaran da suka iya zama su yi hira mai tsawo, su tsara fim, galibi matasa ne da suka riga suka tsallake shekarun da suka fi haɗari. Kolo ɗan shekara shida da ke kwana da ƙazuwa da zazzaɓi ba ya iya bayyana kansa haka. Akwai kuma haɗarin da ke tattare da masu karanta irin wannan aiki da son zuciya, su ɗauki batun mutunci da juriya su mayar da shi hujjar barin komai yadda yake. A Senigal, rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2010 ya kiyasta aƙalla yara 50,000 ne ake tilasta wa bara, wasu da adadin kuɗin da dole su kawo wa malami kullum. Ko a nan gida, kuɗin Laraba da yaro ke fita nema abu ne da ya cancanci a bincika shi da idon basira, a san inda ya tsaya a matsayin ihsani ga malami da inda ya zama haraji a kan yaro.

Gidan da Aka Baro

Idan aka ɗora waɗannan ayyuka a kan juna, sai a ga wurin da haske bai kai ba. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya kai kansa Kano ko Zariya ko Maiduguri. Wani ne ya yanke shawara, a wani gida, a wani wata na shekara, bisa wasu dalilai. Hoechner ta taɓo wannan, ta ambaci talauci da mutuwar aure da lalacewar makarantun boko na karkara da kuma imanin iyaye. Amma yawancin kundaye da maƙalun da ake samarwa a jami'o'inmu hanya ɗaya suke bi: a tsara takardar tambayoyi da Turanci, a je tasha ko bakin kasuwa, a fassara wa yaro, a cike masa, a fitar da kaso cikin ɗari. Daga nan sai a rubuta cewa talauci da jahilcin iyaye ne sanadi, alhali ba a yi magana da uba ko ɗaya ba.

Kalmar talauci a nan ta zama bargo mai rufe komai. A ƙauye guda za a samu magidanta biyu masu gona iri ɗaya, ɗaya ya tura 'ya'yansa, ɗaya bai tura ba. A gida guda za a tura wani ɗa a bar wani. Me ya raba su? Shin ɗan matar da aka saka ya fi saurin tafiya a kan ɗan matar da ke cikin gida? Shin tafiyar tana ƙaruwa a shekarar da damina ta yi gardama? Mece ce rawar uwa a shawarar, kuma wa ke tambayar ta? Makarantar firamaren garin tana da malami da ke zuwa kullum? Waɗannan tambayoyi ne da ake iya amsawa da bincike, kuma amsarsu ce za ta nuna wa ma'aikacin walwala inda zai sa hannu kafin yaro ya hau mota.

Akwai kuma 'yar'uwar almajirin. Shi an tura shi birni, ita tana gida ko tana yawon talla. Tun a shekarun 1970 Enid Schildkrout ta yi nazarin yadda tallar yara a birnin Kano take riƙe da sana'ar matan da ke cikin kulle. Wannan aiki ya nuna cewa aikin yaro wani ɓangare ne na tattalin arzikin gida gaba ɗaya. Nazarin almajirci bai ci moriyar wannan darasi yadda ya kamata ba, sai ya ware ɗa namiji shi kaɗai, saboda shi ne ake gani a titi.

Giɓi na ƙarshe shi ne na lokaci. Kusan duk binciken hoto ne na rana ɗaya. Muna bukatar wanda zai bi yara tun daga ranar da aka kawo su har su kai shekara talatin, a ga nawa suka sauke, nawa suka haddace, nawa suka zama 'yan kasuwa ko direbobi ko malamai, nawa suka ɓace. Masu kare tsarin suna nuna attajirin da ya taɓa bara, masu sukar sa suna nuna ɗan daba, kowa yana zaɓen misalin da ya yi masa daɗi.

Daga Takarda zuwa Aiki

Ana iya ganin sawun wannan giɓi a manufofin gwamnati. A watan Afrilu na 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka kuma gina irinta sama da 150 a faɗin ƙasa. Tunanin shi ne matsalar ta rashin gini da rashin boko ce. Bayan 'yan shekaru rahotannin jaridu suka riƙa nuna da yawansu sun lalace ko an mayar da su wani abu daban. An gina su ba tare da an fahimci dalilin da ya sa uba ya amince da wani alaramma takamaimai, wanda ya sani ya kuma san mahaifinsa, fiye da ginin da ba shi da fuska ba.

A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. An kwashi dubban yara a motoci, wasu aka same su ɗauke da cutar bayan sun isa. Wannan mataki ya ginu ne a kan zaton cewa akwai gida da ke jiran kowane yaro, mai abinci da makaranta a kusa. Babu wanda ya isa ya ce an tabbatar da haka kafin a tayar da motocin, kuma ba a daɗe ba titunan suka sake cika. An bar jaki ana dukan taiki.

A 2023 aka sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Wannan dama ce. Amma hukumar za ta yi aiki ne da ilimin da ta tarar, kuma idan abin da ta tarar shi ne adadin da ba a san tushensa ba da zargin da ba a gwada ba, za ta maimaita abin da aka yi a baya da sabon suna.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Kusan duk ayyukan da na ambata da Turanci aka rubuta su. Alarammomi da iyayen da ake magana a kansu ba su da hanyar karanta abin da aka ce game da su, balle su ce an yi kuskure. Masu ilimin da za su iya gyara wa mai bincike fahimtarsa ta tsangaya suna nan da ransu, amma an mayar da su abin nazari maimakon abokan muhawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma binciken da ba ya komawa hannun mai ɗakin da harshen da yake ji zai daɗe yana maimaita kurensa.

Kammalawa

Bitar nan ta nuna matakai uku da nazarin almajirci ya bi: na masu ƙirga da ba su fayyace abin da suke ƙirgawa ba, na masu tsoro da suka gaji sakamakon Lubeck ba tare da haƙurinsa ba, da na masu sauraro da suka dawo wa yaron da muryarsa amma ba su kai ga kowane lungu ba. Kowanne ya ƙara wani abu, na ukun kuma ya fi sauran amfani ga mai aikin walwala. Abin da ya rage shi ne a juya akalar binciken zuwa ƙauye: a zauna da uba da uwa da kishiya da kaka, a duba rumbu da makarantar garin, a bi yaro shekara da shekaru, a kuma rubuta sakamakon da Hausa, har da ajami inda ya kama.

Wannan aiki ne mai cin lokaci da kuɗin mota, ba ya kuma samar da adadi mai girgiza zuciya da za a sa a kanun labarai. Ɗalibin digiri na farko ba zai iya shi duka ba. Amma zai iya fara wani yanki nasa. Ni dai na fara da tambayar da malamina ya yi mini. Yaron ya gaya mini sunan garinsu, ya ce mahaifiyarsa ta yi aure a wani gari tun yana ɗan shekara biyar, kuma a shekarar da ta fita ne aka kawo shi. Babu gurbin wannan amsa a takardar tambayoyin da na riga na tsara, sai da na sake ta.